Hekta Biyu da Rabi

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku zaman bariki, na rubuta haihuwar kowannenku, har rigimar da na yi da matar wani kyaftin a kan igiyar shanya na rubuta, amma duk sanda na iso shekarar da babanku da Kawu Ishaya suka daina magana sai in rufe littafin in ce idona yana ciwo. Ba idon ba ne. Yanzu da na ji cewa a Kirsimetin da ya wuce wani daga cikinku ya sake jefa wa 'yar'uwarku Rahila magana a kan abin, har ta tashi ta bar abinci, ya zama dole in zauna in faɗa muku yadda aka yi, don babanku kun san shi, ba zai taɓa buɗe baki ba. Da Hausa nake rubutawa saboda ku 'yan bariki ne, yarenmu na C'lela a bakinku bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Wanda ya yi maganar ya san kansa, ba zan kira suna ba, amma ya karanta wannan sau biyu.

Sai kun san asalin gonar kafin ku gane zafin abin. A wurinmu, lokacin da aka aure ni, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, shi da abokansa. Babanku Bawa ya yi nasa cif, damina bakwai, a gonakin mahaifina da ke gindin dutse, can ƙauyenmu na bayan Zuru. Yayana Ishaya shi aka sa ya riƙa bin bayansa yana duba ko ya bar ciyawa. Maimakon haka sai ya riƙa zagayowa ta bayan dutse da fartanyarsa, ya rage masa aiki, sannan ya koma gida ya ce wa mahaifinmu yaron nan akwai ƙoƙari. Tun daga nan suka ƙulle. Tare suka shiga soja, tare suka yi ritaya, sai dai babanku ya fito da Saje, Yaya kuwa ya tsaya a Kofur. A bariki Yaya ne yake ƙame wa babanku, a gida babanku ne yake durƙusa wa Yaya, don tun da mahaifinmu ya rasu shi ne ubana, shi ne kuma surukin. Sun yi kusan shekara hamsin a haka, ba su gaji ba, mu ma masu kallo ba mu gaji da dariya ba.

Da golmon ya cika, mahaifina ya yi abin da ba a saba yi ba. Ya kama hannun babanku ya kai shi gefen gonakinmu, ya ce daga tsamiyar nan zuwa rafi naka ne. Ba a auna ba, ba a rubuta ba. Ƙasa a wurinmu ta 'ya'ya maza ce, ba ta miji ko suruki ba, don haka bayan rasuwar tsohon dangi suka taso a kan a karɓe. Yaya ne ya tsaya shi kaɗai ya ce abin da ubansa ya bayar da bakinsa babu mai taɓawa yana raye. Ya sha zagi a kan haka, har wasu suka ce Saje ya ba shi wani abu ya ci. A wannan gonar muka noma dawar da ta ciyar da ku duk shekarun da albashin soja yake ƙarewa tun wata bai raba ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar manoman ƙauyenmu ta ce za ta haɗa sunan kowa da girman gonarsa, don a san yadda za a raba iri da taki, kuma a tura wa hukuma. Rahila, da ta karanci kwamfuta kuma take aiki a Kaduna, ta ce a bar mata. Ta yi musu shafin intanet kyauta, a hutun ƙarshen mako, da Hausa, yadda kowa zai buɗe a wayarsa ya ga sunansa. Ranar da aka sanar a coci na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Mutane suka riƙa faɗin girman gonakinsu da ka, wannan ya ce hekta ɗaya, wancan ya ce uku, Yaya ya ce huɗu yake nomawa da hannunsa, sauran na dangi ne. Babanku kuwa ya ɗauki igiya da littafi ya tafi gona. Kwana uku yana taku yana rubutu kamar wanda zai kafa sansani. Da ya dawo na ce masa:

"Saje, ka ce uku mana, kowa haka ya yi."

"Uku ƙarya ce."

"To ka ce biyu."

"Biyu ma ƙarya ce. Biyu da rabi na auna, biyu da rabi za a rubuta."

Haka Rahila ta rubuta. A duk ƙauyen shi kaɗai ne mai rabi. Da shafin ya fito ya sa tabarau ya buɗe a wayarsa, ga shi nan, Bawa, 2.5, ya yi ta nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har mai kawo mana ruwa sai da ya gani.

Lahadin da ta biyo baya Yaya bai zauna a bencin da suka saba zama tare a coci ba. Da aka tashi babanku ya nufe shi zai gaishe shi, Yaya ya juya ya hau bayan kabu-kabu ya tafi. Na ce ko bai gan shi ba ne. Ranar Laraba sai ga Baba Manga, dattijon cocinmu, ya zo gidanmu na Zuru, ya sha ruwa, ya yi ta gaisuwa har na fara tunanin rasuwa aka yi. Can ya gyara zama ya ce:

"Saje, Ishaya ya aiko ni. Ya ce ka koma ka dubi abin da ka rubuta bisa gonar ga, ka tuna da wanda ya ba ka ita."

Babanku ya ciro waya, ya sa tabarau, ya duba a tsanake. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka gaya wa Yaya na duba. Abin da na rubuta da ƙafata na auna shi, kuma taku ɗaya ba zan rage ba."

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, wayar Yaya ba 2.5 take nuna masa ba, 25 take nunawa. Duk gonakin gidanmu in an haɗa, da na Yaya da na 'yan uwa da saurar da ke hawa dutse, ba za su wuce haka da yawa ba. Ku tsaya ku ji da kunnen Yaya. Mutumin da ya sha zagi dominsa ya rubuta ƙasar gidansu kaf da sunansa a takardar da za ta je hukuma, an aika masa cikin mutunci, ya ce taku ɗaya ba zai rage ba. Sannan ku ji da kunnen babanku. Mutumin da yake durƙusa wa ya fara ƙyashin ɗan abin da tsoho ya ba shi, bayan shekara hamsin. Kowannensu da idonsa ya gani, kuma ku da kuka tashi a bariki kun san tsohon soja da abin da aka rubuta. Ko mala'ika ya sauko ya ce ba haka ba ne, sai ya nemi ganin takardarsa.

Za ku ce don me ba wanda ya faɗi lambar da baki. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Wanda ya yi golmo ba ya jayayya da surukinsa ido da ido, sai ta bakin ɗan aike. Kuma kyautar ƙasa ba a ƙirga ta a gaban wanda aka ba, abin kunya ne, kamar ka ba mutum tuwo kana ƙirga lomarsa. Yaya ya ji nauyin furta ashirin da biyar ko ga Baba Manga, sai ya ce abin da ya rubuta. Baba Manga kuwa wayarsa ta kira ce kawai, idonsa ma ya yi rauni, bai nemi a nuna masa komai ba. Sau uku ya yi zirga-zirga tsakanin Zuru da ƙauye yana ɗauke da magana mai ladabi, kowace ta fi ta baya zafi.

Da ruwan farko ya sauka babanku bai ɗauko iri ba. Na fito da kwandon dawar da muka ware, ya ce in mayar.

"Tunda ana ganin na ci abin da ba nawa ba, na bar musu."

"Saje, shekara nawa kana noma wurin nan?"

"Na ce na bari, Laraba."

Yaya ma bai taɓa ta ba, ya ce shi ba ya noma gonar da aka rubuta da sunan wani. Haka gonar ta zauna tsakaninsu damina guda, ciyawa ta kai ƙugu, ta kai kafaɗa. Duk sanda na je ƙauye sai in bi ta hanyar makaranta don kada in gan ta. Babanku ya rame. Da safe sai ya ɗauki fartanya ya yi ta kankare tsakar gidan da babu ko tsiro ɗaya, in na yi magana ya ce motsa jiki yake yi.

Yanzu na zo inda nake gudu. Wajen tsakiyar damina Rahila ta kira ni da rana, ina tsince shinkafa.

"Mama, me ya haɗa Baba da Kawu? Na kira Kawu sau uku bai ɗauka ba."

"Ba komai, rigimar tsofaffi ce. Za su shirya."

"An ce mini a kan gona ne. Mama, ko akwai matsala a shafin da na yi?"

"Shafinki lafiya lau. Kowa yana sa miki albarka."

Ta tambaye ni da bakinta, ni kuma na rufe. Ina da dalilai, kuma a lokacin sun yi mini kama da hankali. Matar aure ba ta sa baki a maganar ƙasar gidan ubanta. Ban so ku 'ya'ya ku rabu biyu, wasu bayan uba wasu bayan kawu. Ban so yarinyar da ta yi abin alheri ta ji an ambaci aikinta a cikin faɗa. Akwai kuma dalilin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina fushi da Yaya, ina so ya zo da ƙafarsa ya ba mijina haƙuri, kuma na san in Rahila ta shiga za a sasanta kafin ya yi hakan. Da na ce mata e, a kan abin da aka rubuta ne, da kafin rana ta faɗi ta sa an turo mata hoton wayoyin biyu. Wata uku na saya wa kaina da wannan amsar, kuma su ne watannin ƙarshe da Yaya yake da baki.

Dawa ta fara fitar da kai aka aiko cewa Yaya ya faɗi a gona. An kawo shi asibiti a Zuru, ya yi kwanaki, aka mayar da shi gida. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke, amma yana ji, yana gane kowa. Na haɗa kaya zan tafi jinya. Babanku ya rako ni har bakin titi da kwalbar zuma da sabulu, ya miƙo mini, ya ce shi ba zai je ba, in Yaya ya gan shi ciwon zai ƙaru. Na ga yadda ya tsaya yana kallon babur ɗin har muka sha kwana.

Kwana na huɗu a can, ni da Hannatu matar Yaya muna wanke zannuwansa a bayan ɗaki. Duk watannin nan gaisuwa kawai muke yi, kowa na kiyaye bakinta. Ranar gajiya ta sa ta saki.

"Laraba, ni dai abu guda nika son sani. Mi Saje zai yi da hekta ashirin da biyar? Ɗiyanku duk suna birni, ba mai noma ko guda."

"Ashirin da me?"

"Da biyar. Abin da ya rubuta."

"Hannatu, biyu da rabi ya rubuta. Ina zaune ya faɗa."

"Wallahi da idona na gani. Ga wayar can ƙarƙashin matashi."

Da kumfa a hannuna na shiga na ɗauko. Babbar waya ce da ɗansu direban tirela ya sayo masa a Nijar, duk rubutun cikinta Faransanci, Yaya dai ya haddace inda ake dannawa. Hannatu ta buɗe shafin. Bawa, 25. Na zauna a ƙasa a wurin. Daga nan na kira Rahila na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun tsakiyar damina.

Washegari da hantsi ta iso, ta biya ta Zuru ta karɓo wayar babanta ba tare da ta yi masa dogon bayani ba. Muka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta jera wayoyin. Ta babanku 2.5. Tata 2.5. Ta Yaya 25. Sai ta buɗe shafin a wayar Yaya ɗin dai, amma ta wata burauza, wato wata manhajar shiga intanet da ke cikin wayar wadda shi bai taɓa taɓawa ba. Ga shi nan 2.5. Waya ɗaya, shafi ɗaya, lamba biyu. Ta duba da kyau, sannan ta yi mana bayani. Ta ce masu Faransanci ba sa sa ɗigo tsakanin biyu da rabi, waƙafi suke sawa. Wata burauzar tana bin yaren wayar ta sa waƙafi, wata ba ruwanta, ɗigonta take sawa ko'ina. Ita kuma ta tsara shafin ya riƙa share waƙafi, don a saninta waƙafi na raba dubbai ne kawai. Ta gwada a wayoyi huɗu kafin ta sake shi, duk masu Turanci. Da waƙafin ya tafi, sai biyu da biyar suka manne. Kuma da yake babanku ne kaɗai mai rabi a duk ƙauyen, sunansa kaɗai abin ya taɓa.

"Mama, ni na kashe Kawu," ta ce.

"Kawunki yana ɗaki da ransa. Kuma kin tambaye ni, ni na ce miki lafiya lau."

Wannan maganar da na faɗa mata a gindin rumbu ita nake maimaita muku a rubuce. Kuskuren Rahila na minti biyar ne, a gabanmu ta gyara shi. Abin da ya mai da shi damina guda shi ne ladabin tsofaffi biyu da taurin kaina. Duk wanda yake neman inda zai ajiye laifi ya kawo nan, ina nan zaune a Zuru, ban je ko'ina ba.

Kafin ta gyara sai da ta shiga wurin kawunta. Ta durƙusa gefen katifa ta nuna masa a wayarsa, nan 25, nan kuma 2.5, ta koma, ta sake komawa, tana faɗa masa a hankali cewa Baba biyu da rabi ya rubuta tun ranar farko. Yaya ya daɗe yana kallo. Sai hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ke motsi. Ya yi wani gurnani, ya bugi katifa da hannun hagu, ya nuna ƙofa, ya sake bugawa.

"Saje yaka kira," in ji Hannatu.

Ni na koma Zuru na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sai ya tashi ya kunna dutsen guga. Na ce Saje, mutum yana jiranka, kai kana guga. Ya ce ba zai je gaban Yaya da riga a yamutse ba. Sau biyu yana ƙona bakin aljihu.

Yaya bai sake magana ba har ya bar duniya bayan wata biyar, don haka babu wanda ya ji an ce yi haƙuri a tsakaninsu, kuma na san wasunku suna ganin ba su shirya ba ke nan. Ni ina ɗakin, bari in faɗa muku abin da na gani. Rana ta take muka isa. Babanku ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya zauna a ƙasa gefen katifa.

"Yaya, na zo."

Yaya ya miƙo hannun hagu, wanda ya rage masa, ya kama wuyan hannun babanku na dama ya riƙe. Shi ke nan. Mutane suka shigo dubiya suka fita, yana riƙe. La'asar ta yi, yana riƙe. Hannatu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye, ta ce:

"Maigida, sake shi ya ci abinci, tun safe bai sa komi ba cikinai."

Yaya ya ƙara damƙewa, har na ga yatsunsa sun yi fari. Hannatu ta matso za ta ɓamɓare hannun, babanku ya girgiza mata kai. Kun san babanku da hannun hagu. Babu ɗayanku da bai sha duka a bayan hannu ba don ya miƙa shi cikin kwano, ko karɓar abu da shi ba ya bari a yi a gidansa. Ya dubi kwanon, ya dubi hannun da aka riƙe. Sai ya ce wa Rahila ta zuba masa ruwa a hagu. Ya wanke, ya yanko loma da ƙyar, rabi na zubewa, ya sa wa Yaya a baki, ya jira ya haɗiye, sannan ya yanko tasa. Haka suka yi, ɗaya nasa ɗaya na Yaya, miya na bin gwiwar hannunsa tana ɗiga a kan rigar da ya goge, har suka cinye kwanon.